Daga Maitama Zuwa Kuje: Yadda Ake Auna Hukunci A Kotunan Abuja

Unguwar Maitama ba wurin hayaniya ba ce. Gidajen jakadu ne da ofisoshin gwamnati da dogayen katangu, titunan wani sashenta kuma sunayen koguna aka ba su: ga Zambezi inda hedikwatar hukumar zaɓe take, ga Tigris inda Babbar Kotun Birnin Tarayya take. Amma a ranar aiki, tun wajen ƙarfe takwas na safe, bakin ƙofar kotun nan kan cika ya batse. Masu tasi na sauke fasinja, lauyoyi na fitowa cikin baƙaƙen kwat, rigar shari'a saɓe a hannu, farar hular gashi a jaka, yaran ofis na biye da su da tulin fayil. Waɗanda suka fi kowa yawa ma ba shari'a ta kawo su ba, takardar rantsuwa suke nema: mai canza suna, wanda ya ɓatar da takardar makaranta, wanda ake nema da shaidar shekarun haihuwa.

Zuwan motar gidan yari ne ke tuna wa mutum inda yake. Doguwa ce mai ƙananan tagogi can sama, daga Kuje take tasowa. Tana tsayawa gandirobobi masu bindiga za su kewaye ta, a fito da mutane bibbiyu, ankwa ɗaya ta haɗa hannun wannan da na wancan. 'Yan uwa na tsaye daga nesa da leda a hannu, wani ya kawo abinci, wata ta kawo sabulu, ba mai matsawa sai an yi masa izini. Babban gandiroban kuwa yana rungume da wani fayil da ba ya yarda ya ajiye ko'ina. Takardun da ke ciki su ne hujjar riƙe kowane ɗaya daga cikin mutanen nan, kuma su na zo bi: daga bakin alƙali zuwa teburin rajistara, daga nan zuwa ƙofar kurkuku.

Kowane ɗakin shari'a da lambarsa. An manna jerin ƙararrakin ranar a jikin allo kusa da ƙofa, mutane na bi da yatsa suna neman sunan nasu. Ciki kujeru ne a jere, manyan lauyoyi masu muƙamin SAN a sahun gaba, sauran a bayansu, jama'a can ƙarshe. Teburin rajistara na ƙasa da mazaunin alƙali, akwatin wanda ake tuhuma a gefe ɗaya, na mai ba da shaida a ɗayan, ga Alƙur'ani da Baibul an ajiye domin rantsuwa. Ana ƙwanƙwasa ƙofar baya sau uku kowa zai miƙe, alƙali ya shigo ya rusuna, a rusuna masa. Daga nan sai haƙuri. A ɗakin da na zauna, lauya kan faɗi jimla ɗaya ya dakata, sai mai shari'a ya gama rubuta ta da hannunsa sannan ya ɗora.

Yawancinmu mun ɗauka shari'a ta ƙare da zarar an ce an samu mutum da laifi. Ga wanda ke tsaye a cikin akwati kuwa, a lokacin ne ma cikinsa ke ɗurar ruwa, don tambayar da ta dame shi ba a amsa ta ba: nawa? A da wannan gaɓar ba ta cin minti goma. Lauya ya miƙe ya roƙi sassauci, ya ce mutumin nan magidanci ne, ga 'ya'ya ga tsofaffin iyaye. Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da labarin an taɓa ɗaure shi. Alƙali ya duba sashen doka ya faɗi abin da ya ga ya dace, tsakanin kwana ɗaya da iyakar da doka ta yanka. Sai ka ga mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya, wannan ya sha wata shida a wannan ɗaki, wancan ya sha shekara huɗu a ɗakin da ke kusa, kuma ba alƙalin da ya karya doka. Shi ya sa ake cewa shari'a mace ce mai ciki, sai ta haihu ake sanin abin da ta ɗauko.

Abin da ta haifa a watan Janairun 2013, a wannan Babbar Kotu ta Abuja, har yau ba a manta ba. John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifi uku da suka shafi sama da naira biliyan 20 na kuɗin 'yan fansho, bayan sun daidaita da hukumar EFCC. Mai shari'a Abubakar Talba ya yanke masa shekara biyu a kan kowane laifi, ko ya biya tarar naira 250,000 a kan kowanne. Mutumin ya biya 750,000 ya fice daga kotu a ranar. Jama'a suka yi ca, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta dakatar da alƙalin na shekara guda. Sai dai wanda ya buɗe littafin doka zai ga sashe na 309 na Final Kod, littafin laifukan da Abuja ke aiki da shi, wanda a ƙarƙashinsa aka yi tuhumar, iyakarsa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun, kuma a lokacin babu wata ƙa'ida a rubuce da ta nuna wa alƙali yadda zai auna tara da girman ɓarna. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin shekara shida tare da biyan naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022.

A watan Mayun 2015, ana saura 'yan kwanaki ya sauka daga mulki, Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Sassa 495 gare ta. Ta maye gurbin tsofaffin dokoki biyu da aka gada, ta Kudu da ta Arewa, a kotunan tarayya da na Abuja. An fi yin zancenta a kan hana jan shari'a, amma ta taɓa yankan hukunci sosai. Sashe na 401 ya jera abin da ake nufi da hukunci: hana mai laifi sakewa, killace shi idan barinsa haɗari ne, gyara halinsa, tsoratar da wasu, wayar da kan jama'a, saka masa daidai laifinsa, da mayar wa wanda aka cuta haƙƙinsa. Sashe na 416 ya fi wannan cizo. Ya ce kada a ɗora wa mai laifin farko mafi tsananin hukunci. Ya ce kwanakin da mutum ya yi a tsare yana jiran shari'a a lissafa su cikin ɗaurinsa. Ya ce a binciki tarihinsa kafin a yanke, ko da sai an ɗage zama domin haka. Ya kuma ce kurkuku na wanda ya zama dole a raba shi da jama'a ne, wanda wani horon bai yi masa ba ko ba zai yi ba.

Doka ta faɗi manufa, amma ba ta ba da ma'auni ba. Wannan aikin Babban Jojin Abuja ne, wanda sashe na 259 na tsarin mulki ya ba ikon tsara yadda kotunsa za ta riƙa aiki. A 2016 Mai shari'a Ishaq Usman Bello, mutumin Zariya, ya fitar da ƙa'idojin yankan hukunci ga kotunan birnin, a 2020 kuma aka faɗaɗa su suka haɗa da hukuncin da ba na ɗauri ba. Wata lauya da muka zauna benci ɗaya a baranda, tana jiran a kira ƙararta, ta ciro nata kwafin daga jaka ta miƙo mini. Ya sha hannu, gefen shafukansa duk rubutun biro.

Tsarin hawa-hawa ne. Da farko alƙali zai duba ko doka ta bar masa zaɓi. In ta bari, sai ya auna nauyin hannun mai laifi a cikin abin: shi ya kitsa ko janyo shi aka yi, ya ci amanar muƙami, ya daɗe yana yi, ya nemi mai rauni ya cuta? Sannan ya auna ɓarnar, mai tsanani ce, matsakaiciya, ko 'yar kaɗan. Inda waɗannan biyu suka haɗu a jadawali, nan zai samu mafari, wato wani kaso na iyakar hukuncin da doka ta yanka, da tazarar da zai iya hawa ko sauka a cikinta. Abin da ke sa a hau sananne ne: tsohon laifi, ɓoye shaida, yin laifin alhali ana kan beli. Abin da ke sa a sauka shi ma haka: nadama, mayar da abin da aka ɗauka, taimaka wa masu bincike, rashin lafiya. Wanda ya amsa laifinsa ana iya rage masa, amma ragin ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. In laifin ya fi ɗaya, sai a duba ko ɗaurin zai tafi tare ko ɗaya bayan ɗaya. A cire kwanakin tsare, a yi maganar diyya da ƙwace dukiya. Daga ƙarshe alƙali ya rubuta dalilinsa.

A ganina wannan na ƙarshen ya fi duk sauran amfani. Jadawali ba ya hana son zuciya, amma alƙalin da ya san sai ya rubuta abin da ya sa ya ba wannan wata shida ya ba wancan shekara huɗu, ya kuma san wasu alƙalai uku a sama za su karanta, zai yi tunani kafin ya sa biro. Lauyar ta ce da ni, "Malam, da can roƙo muke yi, yanzu gardama muke yi." Ta karɓi littafinta ta shige, an kira su.

Wanda ke son ganin inda sabuwar dokar ta yi aiki a bainar jama'a sai ya gangara Gudu, ɗaya daga cikin rassan kotun da ke warwatse a Apo da Jabi da Kubwa da Bwari da Gwagwalada da sauransu. A can ne Mai shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame shekara 14 a watan Mayun 2018, bayan shari'ar da aka fara tun 2007, ta kuma yanke wa tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye, yana sanata mai ci, shekara 14 a watan Yuni. Iyakar da sashe na 315 na Final Kod ya yanka wa ma'aikacin gwamnati da ya ci amana ke nan. A watan Nuwamba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Nyame zuwa 12, Dariye zuwa 10, da hujjar cewa laifinsu na farko ne, bai kamata a kai su ƙololuwa ba. Mutane da yawa sun ji haushi, ni ma ban ji daɗi ba. To amma ƙa'idar da ta rage wa gwamna ita ce ta ɓarawon akuya, in dai ya samu wanda zai tuna wa kotu. A 2022 aka yi wa gwamnonin biyu afuwa suka bar Kuje, wannan kuma ba aikin kotu ba ne.

Akwai inda duk wannan lissafi ba ya shiga. Kisan kai da gangan, a sashe na 221 na Final Kod, hukuncinsa ɗaya ne: kisa. Lokacin da Mai shari'a Yusuf Halilu ya samu Maryam Sanda da laifin kashe mijinta a watan Janairun 2020, a nan Maitama, ba jadawalin da zai duba. Abin da ACJA ta tanada a nan kaɗan ne: ba a yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya yi laifin hukuncin kisa, mai juna biyu kuma ba a zartar mata sai ta haihu ta yaye.

Alƙali na tashi, aiki ya koma ofishin rajistara, wurin da baƙi ba su cika leƙawa ba. Kabad-kabad ne na ƙarfe, fayil ɗaure da zare har saman su, kwamfuta a kan tebur, hatimi da tawadarsa a gefe. A nan ake mai da maganar alƙali takarda. A ƙarshen ACJA an jera fama-faman da ake amfani da su: na sammaci, na kamu, na binciken gida, na beli, na kai mutum kurkuku. Akwai wanda babu shi a da, fom na 8, wanda 'yan sanda ke cikawa in suna son kotu ta ba su ajiyar mutum kafin a gurfanar da shi. Sai sun rubuta dalili sun yi rantsuwa, umarnin farko kuma ba ya wuce kwana 14, ba a sabuntawa sai da hujja. An yi shi ne don a kashe tsohuwar al'adar nan ta kai mutum kotun da ba ta da hurumin shari'arsa, a ce a ajiye shi ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, shekaru su wuce ba wanda ya sake tunawa da shi.

Warantin ɗauri shafi ɗaya ne, ba shi da wani kwarjini. Sunan kotu, lambar ƙara, sunan mai laifi, sashen doka, tsawon ɗauri, tara in akwai da abin da zai biyo baya in ba a biya ba, sa hannun alƙali, hatimi. Amma gandiroban da zai karɓi mutumin bai halarci shari'ar ba, bai ji roƙon lauya ba, bai karanta dalilan alƙali ba. Wannan shafin kaɗai ya sani. In alƙali ya ce ɗauri ya fara daga ranar da aka tsare mutum, magatakarda bai rubuta ranar ba, to daga ranar hukunci za a fara ƙirga. In an ce laifi uku su tafi tare, aka manta kalmar, shekara biyu na iya zama shida a idon mai karantawa. Gyaran irin wannan sai an koma kotu, wanda ke ciki kuwa ba shi da ƙafar komawa. Saboda haka duk gyaran ƙa'idar da bai sauko ya gyara fom ba, bai kuma koya wa mai cika shi ba, a baranda ya tsaya.

Maitama dai ta masu lauya ce. Yawancin waɗanda ake ɗaurewa a Abuja ba su taɓa taka ta ba, a ƙananan kotuna ake gamawa da su. Na je ɗaya a cikin garuruwan da ke kewaye da birnin, inda leburori da 'yan acaba da masu tura baro suke kwana. Ɗaki ne ɗan madaidaici, fanka na juyawa a hankali, ba hular gashi ko ɗaya. Aka shigo da wani saurayi da silifas, ana tuhumarsa da zare waya daga aljihun wani a tashar mota. Magatakarda ya karanta rahoton farko na 'yan sanda da Turanci, tafinta ya juya masa da Hausa.

"Ka gane abin da aka karanta maka?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne. A yi mini afuwa."

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya roƙi a yanke masa nan take tunda ya amsa, ya ambaci sashe na 112 na ACJA. Majistaren bai yi gaggawa ba, kuma na yaba masa. Ya tambayi sana'arsa, ya tambayi kwana nawa ya yi a hannu, ya tambaya ko an samu wayar. Ba a samu ba, ya sayar. Aka yanke masa wata shida ko tarar naira dubu talatin, ya kuma biya mai waya kuɗin wayarsa. Duka-duka abin bai kai rubu'in sa'a ba.

A waje wata dattijuwa ta tare ni, ta ga ina rubutu ta ɗauka ma'aikaci ne. "Ɗana, nawa suka ce?" Na faɗa mata. Ta kwance bakin zaninta ta duba abin da ke ciki, ta mayar ta ɗaure. Na ce, "Baba, ana iya roƙon kotu a biya kaɗan-kaɗan." Ta ce ita wa za ta roƙa, alƙali ya riga ya shiga wata ƙarar.

Zaɓin tara a takarda sassauci ne, ga wanda ba shi da ita kuwa ɗauri ne kai tsaye. Dokar ta san da haka, shi ya sa ta ce a duba ƙarfin mutum kafin a yanka masa tara, ta kuma yarda a ba shi lokaci ko a rarraba masa biya. Amma sai an roƙa, mai roƙon kuma lauya ne, Hukumar Ba Da Agajin Lauya da aka kafa tun 1976 kuwa ba ta da ma'aikatan da za su tsaya a kowace ƙaramar kotu kowace safiya. A watan Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya je Kuje ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa, waɗanda ba abin da ya riƙe su sai tara ko diyyar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. Naira miliyan 585 aka tara daga masu hali da kamfanoni aka biya. In ka raba, kowane mutum bai kai dubu 150 ba. An yi aikin lada, amma washegari ƙananan kotuna suka ci gaba da aika wasu.

A wannan safiyar dai na ga ɗaya hanyar. Wani da aka kama da ɗaukar ƙarafa a wurin gini, kayan kuma aka same su, majistare ya ce ya riƙa zuwa yana share harabar kotu na wasu makonni, wani ɗan uwansa ya tsaya masa. Sashe na 460 na ACJA ne ya buɗe wannan ƙofa, ta aikin al'umma da ɗaurin je-ka-gyara-halinka, amma ya rufe ta ga laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da duk wanda hukuncinsa ya wuce shekara uku. Aikin shara ne, ko yankan ciyawa, ko yashe kwata, ko noma, ba ya wuce wata shida, ba ya wuce awa biyar a yini, kuma ana son a yi shi kusa da inda mutum yake zaune don kada ya rasa sana'arsa. Shekarun farko alƙalai sun yi ta ɗari-ɗari da shi, don ba su ga wanda zai bi mutum ya tabbatar ya yi ba. Sai a 2019, da Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da hukumar gidajen yari ta gyaran hali, aka raba ta gida biyu, ɗaya na masu tsaro, ɗaya na masu sa ido a kan wanda ke hukuncinsa a waje. Lokacin kullen korona a 2020 kotunan tafi-da-gidanka na Abuja suka yi ta ba masu karya doka tsintsiya, jama'a suka fara sabawa da ganin abin.

Hanyar Kuje ta titin filin jirgin sama ake bi, a ratse hagu a bar kwalta mai faɗi. Gidan yarin yana gefen gari, doguwar katanga da waya a samanta, shingen jami'an tsaro tun kafin ka isa. An tsaurara tun bayan daren 5 ga Yulin 2022, da 'yan ISWAP suka fasa shi sama da mutum 800 suka tsere. Wuri ne da aka gina don mutum 560, a daren kuwa akwai kusan dubu a ciki. Masu ziyara na layi a ƙofa, a ajiye waya, a rubuta suna, wanda ya kawo abinci ya ɗanɗana a gaban gandiroba kafin a shigar.

Wani tsohon gandiroba da ya yi aiki a ofishin ajiye bayanai ya kwatanta mini yadda suke yi in waranti ya iso. Ranar fita biyu ake rubuta wa kowane ɗaurarre, ta nesa da ta kusa. Ta nesa ita ce cikar hukuncin, ta kusa kuma bayan an cire kashi ɗaya cikin uku na ladabi, wanda mutum kan rasa wani abu daga ciki in ya yi rashin ji. Asalin maganar da ake yi ke nan cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Ya ce ɗaurarre ba ya ba su wahala, ya san ranarsa, yana ƙirgawa. Mai jiran shari'a ne abin tausayi, don takardarsa ranar komawa kotu kawai take ɗauke da ita. Irin waɗannan su ne wajen kashi biyu cikin uku na duk mutanen da ke gidajen yarin Najeriya, kuma ba jadawalin hukuncin da ya shafe su tunda ba a kai ga hukuncin ba.

Wani abin da gyaran bai taɓa ba shi ne littafin laifukan kansa. Abuja, da yake daga jihohin Neja da Filato da Kwara aka yanko ƙasarta a 1976, Final Kod ta gada. Gwamnatin Sardauna ce ta kira kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka tsara dokar a kan ta Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya ta 1860 aka ɗauko ta, ta fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960. An rubuta ta lokacin fam da sule, akwai sassan da tararsu har yau 'yan nairori ce. Satar waya iyakarta shekara biyar a sashe na 287, karkatar da dukiyar da ba taka ba iyakarta biyu a sashe na 309, ko biliyan nawa ce. Ma'auni komai kyansa daga iyakar da doka ta yanka yake farawa, gyaran wannan kuwa aikin Majalisar Tarayya ne, ba na Babban Joji ba. Kaduna ta sake rubuta nata Final Kod ɗin a 2017, ta haɗa da sabuwar dokar tafiyar da shari'a a shekarar. Kano ta yi tata dokar tafiyar da shari'ar a 2019, Legas kuwa ta riga kowa tun 2007. Don haka yawancin abin da na gani a Abuja yana da takwaransa a dokar jiharka, ko da lambar sashen ta bambanta.

Mai karatu, in ƙaddara ta kai wani naka gaban alƙali aka same shi da laifi, kada ka tsaya a jin adadin shekaru ka fita kana kuka. Ka sa a faɗa wa kotu in laifinsa na farko ne, a faɗi ranar da aka fara tsare shi. In an yanka tara, a roƙi lokaci ko biya kaɗan-kaɗan kafin alƙali ya tashi. Ka je wurin rajistara ka tabbatar an rubuta ranar da ɗaurin ya fara a jikin waranti, da ko laifukan tare za su tafi, ka kuma nemi kwafin hukuncin mai hatimi. In za a ɗaukaka ƙara, kwana 30 ne daga kotun majistare, 90 daga Babbar Kotu.